Tonon tsohuwar kushewar duwatsu a Azbin

A arewacin Agadas tulin duwatsun da ke kan gangaren tsaunuka galibi kaburbura ne, wasu sun haura shekara 4,000. Wanda muka tona faɗinsa kamar mita 6 ne, tudunsa bai kai ƙirji ba. Izini daga hukuma a Yamai da yardar dattawan Buzayen wurin su ne farko.

Kafin a ɗaga dutse ko ɗaya, mun zana tulin, muka ɗauki hotonsa daga sama, muka ja igiya biyu a gicciye suka raba shi kashi 4. Kashi 2 masu kallon juna aka fara buɗewa, sauran aka bar su tsaye domin a ga yadda aka jera duwatsun. Da hannu ake kwashe su, jeri bayan jeri, daga sama. Kada a zaro dutse daga gefe, na sama zai zame ya murƙushe ƙoƙon kan da ke ƙasa. Rairayin da iska ta cusa tsakaninsu duk sai an tankaɗe shi da rariya mai idon milimita 2, don duwatsun wuya na ɓawon ƙwan jimina ƙanana ne ƙwarai.

Mamacin yana tsakiya, kwance kan gefe, gwiwoyi a naɗe wajen ƙirji. Ƙashin da ya daɗe haka, da rana ta taɓa shi sai ya dare, shi ya sa ake kafa rumfa, a yi aiki da sassafe da buroshi mai laushi da tsinken itace. Ana shafa masa Paraloid B-72, wani maganin ƙarfafa ƙashi mai kama da gam, da aka narkar cikin sinadarin asiton, kashi 5 cikin 100, amma sai bayan an cire haƙori da guntun ƙashin cinya na gwaji, domin maganin yana ɓata lissafin kabon 14, gwajin da ake gane shekarun ƙashi da shi.

Wurin gane shekaru ne aka fi ruɗewa. Tsingaro ko gawayin da ke cikin duwatsu ba shaida ba ne: dila da ɓeraye na haƙa rami, makiyaya na hura wuta a gindin tulin. Zafin Sahara kuma ya cinye kolajin, furotin ɗin ƙashi da aka saba gwadawa, don haka ma'adinin ƙashin ake gwadawa, hanyar da masana Faransawa Jean-François Saliège da François Paris suka gwada a kaburburan Nijar.

Da aka gama, mun mayar da duwatsun bisa zanen farko.