Hatsin gwauraye a kaka ake tara shi

'Yan'uwa cikin Almasihu na ƙasar Zuru, abin da ke faruwa a ikilisiyoyinmu kowace shekara yana damuna. Sai Agusta ta kama, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sannan mu tashi neman gudummawar gwauraye da marayu. A lokacin masu bayarwar ma suna fama da nasu gidan.

A tara tun Nuwamba da Disamba, kowane gida tiya 2 ko 3 na dawa, masara ko wake. Buhu guda yana cin kusan tiya 40, gida mai mutum biyar kuwa yana cin kusan tiya ɗaya a rana.

Ajiya ce ke ba mu kunya. Hatsin da bai bushe ba yana yin fumfuna. A ciza ƙwaya, in ba ta fashe ƙas ba a mayar rana. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwari za su mutu ba tare da magani ba. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, saboda laima da ɓera.

A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka riƙa tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum 7 amintattu aka zaɓa. Mu ma a sa Zumuntar Mata su rubuta sunaye, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya. A kai da yamma har gida, ban da ɗaukar hoto, kuma maƙwabciya Musulma da ke cikin rashi a sa sunanta.