Rigar Baba

Laraba, da dare.

Ban yi niyyar rubutu yau ba, amma abin ya ƙi barina.

Da hantsi ina neman wata takarda a ƙasan akwatin Umma, hannuna ya faɗa kan rigar Baba mai ruwan toka. Ina ɗago ta ƙamshinsa ya buge ni. Shekara huɗu fa! Kafin in ankara na gan shi zaune bakin gado yana ɗaura agogo. Na zube a ƙasa na cusa fuska a wuyan rigar. Ko minti biyar ban yi ba ƙamshin ya ɗauke. Na shaƙa, na sake shaƙa, shiru. Wallahi na ɗauka ni na shanye shi.

A haka Yaya Hauwa ta same ni. Ta ce, "Ke, ba rigar ba ce, hancinki ne ya saba. Fita ki sha iska ki dawo."

Sai malantar ta motsa. Wai can saman kogon hanci akwai wata 'yar fata mai damshi, a nan jijiyoyin jin ƙamshi suke, kuma masu cafke wari a jikinsu sun kai iri 400. In wari ɗaya ya daɗe yana taɓa su sai su rage aika saƙo, shi ya sa mai ɗaki ba ya jin warin ɗakinsa. Har Linda Buck da Richard Axel ta jawo mini, waɗanda suka gano asalin masu cafkewar a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Na ce, "Yaya, ni Baba nake nema."

Ta yi shiru. Can ta ce, a hankali, jijiyoyin nan ta 'yan hudojin wani ƙashi suke ratsawa su shiga ƙwaƙwalwa, dab da inda tsoro da tuna baya suke, ba sa yada zango a tashar da gani da ji ke fara bi. Shi ya sa na gan shi tun kafin in yi tunani.

Na fita, na dawo bayan rubu'in awa. Yana nan.

Wanki bai bushe ba. Sadiq ya sake ɗauke mini caja.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganarta ta ƙarshe: ƙamshi ƙananan ƙwayoyi ne da ke barin abu su bi iska. Ke nan duk buɗewa rigar na raguwa. Na ninke ta na sa a leda na ƙulle bakin. Umma ba ta sani ba.