Godiyarmu ga waɗanda suka ɗauki laka tare da mu a Harobanda

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A madadin dattawan ikkilisiya da zumuntar mata da ta matasa nake rubuta wannan godiya, tunda ranar Lahadi da ta wuce muka yi sujada ta farko cikin sabon ɗakinmu.

Duk mazaunin Yamai ya san yadda daminar 2024 ta kasance. Ruwa ya ci gidaje har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin mutanen da ambaliya ta kora suna kwana cikin azuzuwa. Ɗakin sujadarmu na tubalin ƙasa ne, mu kuma a Harobanda muke, unguwar da ke hayin kogin Kwara, inda ruwa ba ya saurin janyewa. Bangon gabas ya jiƙa ya zauna, rufin kwano ya bi shi. Allah ya kiyaye, babu kowa a ciki.

Ba mu aika wa kowa takardar neman taimako ba. Labari ne ya kai, mutane suka fara ƙetaro gadar Kennedy. Ƴan'uwanmu Katolika suka kawo siminti. Matasan Baptis da na Assemblées de Dieu suka raba ranakun Asabar tsakaninsu, masu buga bulo daban, masu ɗebo yashi da amalanke daban. Wata ƙaramar ikkilisiya ta ƴan Togo da Benin ta ba mu ɗakinta mu yi sujada da yamma, ba ta karɓi ko dala ba, har kuɗin wuta ta ƙi. Daga jihar Tawa kuma, masu bi na wajen Galmi suka aiko da buhunan albasa, suka ce a sayar a sayi kwano.

Akwai abin da na gani da idona da nake so a sani. Wani babban fasto, mai furfura, wanda in ya shiga taro kowa tashi yake, ya zo wurin aikin da tsohuwar riga. Muka kawo masa kujera a inuwa. Ya ce a ba wata tsohuwa da ke tsaye, shi kuwa ya ɗora kwanon laka a ka, ya shiga layi bayan yara. Na ce masa, "Baba, don Allah ka huta, akwai samari." Ya ce, "Ɗana, magini ne shugaba a nan, bari in ji abin da zai sa ni." Maginin kuwa yaro ne da bai kai shekarun ɗan autansa ba. Mun sha karanta Filibiyawa sura 2, yadda Almasihu ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki siffar bawa, mun sha jin wa'azin wanke ƙafafu a Yohanna sura 13. A ganina, wunin nan ya koya wa matasanmu fiye da wa'azin shekara. Tun daga ranar ban ƙara jin wani ya tambayi ɗan'uwansa yadda ake baftisma a wurinsu ba. Bambancin yana nan, ba mu ɓoye shi ba, amma da tsakar rana tabarma ɗaya muke zama, a ci dambu da zogale, a yi addu'a da Hausa da Zabarmanci da Gurmanci da Faransanci.

Maƙwabtanmu Musulmi, godiyarku dabam ce. Mu da muka ga 17 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙone majami'u a garin nan, mun san nauyin abin da kuka yi. Ku kuka ajiye mana kujeru da ganguna a zaurukanku, alhali gidajen wasunku sun zube. Malam mai shagon bakin hanya ya bar mana famfonsa har aka gama gini. Allah ya saka muku da alheri, ya mayar muku da abin da ruwa ya ci.

Iyayenmu mata da kuka yi ta girki a rana, sannunku da aiki. Masu ba da jaka ɗaya ko biyu cikin ɓoye, ba mu san sunayenku ba, Ubangiji ya sani.

Bulo ya rage mana, da ɗan siminti. Dattawa sun yanke shawara a kai su gidajen gwauraye biyu na unguwa da har yanzu ke kwana cikin rumfa. Wanda yake da hali ya zo ranar Asabar da safe, da shebur ɗinsa.