Kafin ku ɗora bargon wata a kan keke

Ƙannena masu shigowa wannan sana'a ta yi wa bargon haɗe-haɗe ɗinkin ado da keke, dan Allah ku riƙe abu ɗaya, bargon da aka kawo muku ba naku bane. Mai shi watanni ta yi tana yanka ƙyallaye tana haɗawa, wata ma rigunan mahaifiyarta da ta rasu ta yayyanka, ku naku kawai ku haɗe fuskar da audugar tsakiya da shafin baya da ɗinki mai kyau. In ya lalace a hannunku babu inda za a samo irinsa.

Ni son nuna gwaninta ne ya fara kayar da ni. Hannuna ya fara faɗawa kenan, wata baiwar Allah ta kawo bargo ta ce in yi abin da na ga ya dace, ai kuwa na cika shi da furanni da ganye a matse ko wurin sa yatsa ban bari ba. Da na sauke sai ga shi ya sandare kamar tabarma, ya ɗan tsuke, kuma zanen da ta sha wahalar haɗawa duk ya ɓace a ƙarƙashin zarena. Ashe na rufar yaro ne take so mai laushi. Ta shafa shi kawai ta biya ta tafi, wallahi har yau abin yana damuna. Toh ku tambaya tun farko, rufa za a yi da shi ko a bango za a rataye, wane launin zare, zane ɗaya ne daga baki zuwa baki ko kowane gidan haɗin ƙyallaye da nasa adon, ku rubuta ku nuna mata ta yarda. Kuma ku karanta ledar audugar, masu yinta suna rubuta iyakar tazarar da za a bari tsakanin layukan ɗinki, wata inci 4 wata har inci 10, ba dole sai an cika ko'ina ba.

Sai maganar dubawa kafin karɓa, nan ma na sha. Ku baje shi a gaban mai shi ku auna faɗinsa a sama da tsakiya da ƙasa. In gefen ya fi tsakiyar tsawo to zai yi ta tattarewa, kuna cikin ɗinki sai ku ga yadi ya taru gaban allura ya ninke, kuma ku za a ɗora wa laifin. Shafin baya ya fi fuskar girma da kamar inci 4 ta kowane ɓangare saboda abin matsewa na firam, wato shimfiɗar keken da ake ɗaure bargon a kai, ya samu wurin kamawa. Ku bi haɗin da yatsa, inda ya buɗe ƙafar keke tana iya shiga ta yaga, sannan guntayen baƙin zare da ke bayan farin yadi a tsince su, in ba haka ba bayan an gama za su rinƙa lekowa ta ciki babu yadda za ku ciro.

Amma wanda ya fi cin raina shi ne tsaurin zare. Sama ya yi kyau sumul ina ta murna, ban leƙa ƙasa ba sai da na yi nisa sosai, ina nadewa na ga bayan duk zaren ya yi gashi-gashi a kowace kwana, zaren sama ya yi sako-sako ga kuma gudu da nake yi a lanƙwasa. Farkewa ta fi ɗinkin cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma yadi mai matsattsiyar saƙa ramin allura ba ya saurin rufewa. Yanzu duk canjin bobin sai na gwada a ƙyalle a gefe, na sa hannu ta ƙasa na shafa, na haska da tocila. Sabon bargo sabuwar allura, a babban keke yawanci lamba 16 ko 18, ɗinki 10 zuwa 12 a inci ɗaya ya isa. Ku share ƙurar auduga a gidan bobin, in kun sa wa keke mai ku fara ɗinka tsumma tukuna kar ya ɗiga a kan farin yadin mutane.

Shuɗin biron nan da ake zane da shi a wanke da ruwa, kar guga ta taɓa shi kafin ya fita, zafi yana iya kama shi ya zauna.

In kuma tsautsayi ya faru, allura ta karye ta huda ko almakashi ya ci yadi, kar ku rufe da ado ku yi shiru. Ku ɗauki hoto ku kira ta a ranar, ku faɗa mata gyaran da za ku iya, ku rage mata kuɗin aiki, sau da yawa ma tana da ragowar yadin a ajiye sai ta kawo a yi facin tare.