Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwamfutar Malamin Aboabo

Makon jiya na tsaya a inda Maigida ya fara barina in buɗe kwamfuta da hannuna. A 1998 ke nan, shekarar da ruwan madatsar Akosombo, inda ake samar da wutar lantarki a Ghana, ya ja baya aka shiga rabon wuta, Kumasi ta koma yau akwai gobe babu. Shagonmu ɗan ƙarami ne a gefen Adum, kayan da ke shigo mana kuma kusan duk na hannu ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema: kwamfutoci samfurin 386 da 486, jefi-jefi Pentium.

Wata Asabar wani malami daga Aboabo ya zo, almajirinsa na biye da shi da kwamfuta a ka. Ɗansa da ke Jamus ne ya aiko masa 486 tare da faifan CD mai ɗauke da Alƙur'ani da littattafan hadisi. Na'urar faifan tana buɗe baki, tana haɗiye faifai, fitilarta tana kamawa, amma kwamfutar ba ta san da zamanta ba. Wani mai gyara ya riga ya taɓa na'urar, ya ce ta mutu, a sayi sabuwa.

Maigida ya ce, "Malam, a zauna tukuna. Kai, ɗana, zaro ta ka karanta mini abin da ke bayanta."

Na karanta: Matsushita, CR-563. Ya bi kebul ɗin da yatsa har inda aka soke shi, ya girgiza kai.

Ga abin da ya koya mini a ranar. Kafin tsarin ATAPI, wato hanyar bai ɗaya ta haɗa na'urar CD da kwamfuta, ya bazu a tsakiyar shekarun 1990, kowane kamfani da irin mahaɗarsa. Sony na da tata mai fil 34. Mitsumi da Panasonic, wato Matsushita, kowanne na da mai fil 40, daidai adadin fil na mahaɗar IDE da faifan ajiya na ciki ke amfani da ita. Kebul ɗin zai shiga lafiya lau, ba gardama, sai dai saƙon da ke bi ta cikinsa daban ne, wani lokacin har ɓarna yake yi. Mazaunin irin waɗannan na'urori a jikin katin sauti yake, kamar Sound Blaster. "Kama da wane ba ta wane," in ji Maigida. Mai gyaran farko ya ga fil 40, ya soka a IDE, shi ke nan.

Katin sautin na nan a cikin kwamfutar, ba wanda ya kula shi. Na mayar da kebul can, jan layin gefensa yana duban fil na 1.

Saura direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, kuma nan ne wahalar take. DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ba ta gane na'urar CD da kanta. Dole a sa layi a fayil ɗin CONFIG.SYS da zai loda direban wannan na'urar takamaimai, tamu SBCD.SYS take so, sannan a sa manhajar MSCDEX a fayil ɗin AUTOEXEC.BAT, kuma sunan da ke bayan /D: ya zama iri ɗaya a wurare biyun. Harafi guda ya saɓa, aiki ya tsaya. Ba mu da intanet da za mu sauko da komai. Dukiyar Maigida wani akwatin filofi ce, wato ƙananan faya-fayan ajiya na zamanin, da yake kullewa a durowa, kowanne da rubutun biro a jikinsa. Duk kwamfutar da ta shigo shagon, sai ya kwafe direbobinta kafin ta fita. Wasu masu gyara sukan zo aro, shi kuwa bai taɓa hanawa ba, amma a gabansa za ka kwafa.

Muna cikin rubutun aka ɗauke wuta. Malam ya ja mu sallar La'asar, ya aiki almajirin ya sayo mana ƙosai. Sai washegari harafin D:, alamar kwamfutar ta gane na'urar, ya fito a allo. Da muka gwada sauti kuma muka tarar an bar katin a IRQ 7, layin saƙon da mahaɗar firinta ke amfani da shi, sai Maigida ya sa na matsar da jamfa, 'yar hular da ke haɗa fil biyu a jikin katin, zuwa 5. Ƙira'a ta tashi a 'yan lasifikan nan, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne yawan na'urori masu lafiya da aka sayar wa masu awon ƙarfe a shekarun nan. Mutum ya yi gumi a Turai ya aiko wa iyayensa, wani ya yanke hukunci cikin gaggawa don bai tsaya karanta takardar da ke manne a baya ba. Faifai ɗaya yana ɗaukar megabait 650, alhali filofi 1.44 ne kawai. Ga malamin zaure, ɗakin karatu guda aka nemi raba shi da shi.

Malam ya zaro kuɗi, Maigida ya ƙi karɓa, ya ce a sa mu a addu'a. Cikin sati biyu kuwa malaman Sabon Zango da Asawase suka fara turo mana nasu injinan. Ɗaya daga ciki daga Amurka ya fito, makunnin bayansa yana kan volt 110, mai shi kuma ya riga ya jona shi a wutarmu da ta fi haka ƙarfi. Labarinsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.