Gero ba ya ƙirguwa sai da tiya: mako na bakwai a kan manhajar Kawu

Ƴan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Yau mako bakwai ke nan da na fara haɗa ƴar manhajar Android da Kawu zai riƙa rubuta hatsin da ya shiga sitonsa na babbar kasuwar Maradi, da bashin da yake bin mutane. Lissafin ya daidaita tun mako na huɗu. Abin da ya cinye mini wannan makon shi ne ƴan kalmomin da ke fitowa a kan allo, waɗanda na ɗauka aikin yini guda ne.

Harshe uku na sa mata: Hausa don Kawu, Faransanci don yaron shagonsa da ya yi lakwal, sai Ingilishi saboda dillalansa na Jibiya da Katsina wayoyinsu a Ingilishi suke, kuma manhaja harshen waya take bi. Na tura wa wani abokina malamin Ingilishi a Katsina hotunan allon. Kafin in gama shan shayi ya maido su da jan zane wuri huɗu: "3 new informations", "Update your softwares", "Send us your feedbacks", da "Advices". Ya ce duka huɗun in cire harafin s, na farkon kuwa in sake shi ɗungurungum, don ba a jingina wa "information" lamba.

Na yi gardama, ba zan ɓoye muku ba. Mu da muka yi boko da Faransanci mun tashi da "des informations", "des logiciels", "des conseils", kowanne da jam'insa, ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ingilishi kuwa ya zuba waɗannan a ajin sunayen da ba a ƙirgawa, tare da ruwa da yashi da shinkafa. Ba su da jam'i, ba a sa musu "a" ko "an" a gaba, kuma "much" da "less" suke ɗauka maimakon "many" da "fewer". "Equipment" da "furniture" ma can suke. "News" ta fi ba ni haushi: ga s ɗinta a wutsiya, amma "the news is" ake cewa.

Abin bai zauna mini ba sai ranar Juma'a a kasuwa. Ina zaune kan buhu ina gyara fayil, Kawu ya leƙo ya ga na rubuta "Gero: 3" a allon Hausa.

"Kai, ɗan nan, gero uku na mene ne? Ƙwaya uku?"

"Buhu nake nufi, Kawu."

"To ka ce buhu. Akwai tiya, akwai buhu, akwai dami. In ka ce uku kawai, gobe sai mu yi rigima da mai kaya."

Nan na ajiye wayar. Ashe abin da malamin ke faɗa mini muna yin sa kullum. Ba mai cewa gero uku, sai tiya uku. Bature ma in dole ta sa ya ƙirga "information" sai ya ɗauko nasa mudun, ya ce "a piece of information", "two pieces of advice". A kan allo dai wannan ya yi tsawo, don haka na bi hanyar da manyan manhajoji ke bi, na canza sunan zuwa wanda ke ƙirguwa: "3 new messages", "3 entries", "3 bags of millet". Inda na so in ce "softwares" na sa "apps".

Kuma ba hankali ne ke raba abin da ke ƙirguwa da wanda ba ya ƙirguwa ba, al'adar kowane harshe ce. Ku dubi kuɗi. Asalinta jam'in wuri ce, shi ya sa a bakinmu nan za ka ji "kuɗi sun ƙare", Bakano kuma ya ce "kuɗi ya ƙare". "Data" irin tafiyar da ta yi ke nan: a Latin jam'in "datum" ce, amma yau jagorar rubutu ta Google ga masu haɗa manhaja ta ce a ɗauke ta abu guda marar ƙirguwa, "the data is", "less data". "Email" kuma ta bi kishiyar hanya, ta fito daga "mail" da ba a ƙirgawa, yanzu kowa na cewa "two emails". Na buɗe shafi a bayan kayena ina tara irin waɗannan kalmomi, don ba dokar da za ta fisshe ka, sai hadda da ƙamus. Mai kyau yakan sa alamar U a gefen sunan da ba a ƙirgawa, C a gefen wanda ake ƙirgawa.

Ɓarnar da ta fi girma a cikin rubutun umarnin manhajar take, wato "code". Na rubuta ta ne ta ɗauko adadi, ta liƙa masa kalma a baya. A Ingilishi "3 bags" ya fito lafiya, a Hausa sai ga "3 buhu", alhali mu adadi baya yake zuwa. Maganin shi ne kowane harshe ya sami cikakkiyar jimlarsa a fayil ɗinsa, da gurbin %d, wato alamar wurin da adadi zai shiga, a inda nahawunsa ke so: "buhu %d". Kada ku yanka jimla gida biyu kuna haɗawa, ni na sha wuyar haka.

Android na da tsarin jam'i da ke bin dokokin CLDR, wato kundin ƙa'idojin harsunan duniya da ƙungiyar Unicode ke tarawa don masu haɗa manhaja. A can Hausa aji biyu gare ta, na 1 da na sauran. Larabci aji shida. Faransanci yana lissafa sifili cikin tilo, "0 sac", Ingilishi kuma cikin jam'i, "0 bags". Da farko na ce Hausa ba ta buƙatar wannan wahala, tunda a kasuwa buhu ɗaya da buhu hamsin duk buhu ne, da wuya ka ji mai awo ya ce buhuna hamsin. Sai na iso allon bashi: "mutum 1 ya biya", "mutum 3 sun biya". Sunan bai motsa ba, wakilin suna ne ya canza, ke nan ajin biyu na da aiki. Sifili kuwa da hannu na ware shi, domin Android ba ta kula da gurbin sifili a harshen da dokarsa ba ta ware shi ba. Yanzu allon na cewa "Ba wanda ya biya tukuna", maimakon "mutum 0" da ba Bahaushen da zai furta.

Sai matsalar da Ingilishi bai san da ita ba. "Are you sure?" ga kowa take, amma na rubuta "Ka tabbata?", ranar da matar Kawu ta karɓi wayar za ta goge wani bashi ta ce, "Wannan da wa yake magana?" Rabin masu bashin ma mata ne masu tuwo da masu fura, allon kuma na ta cewa "ya biya". Na gwada "Kun tabbata?", ba laifi, akwai girmamawa a ciki. Amma na fi son sigar da ba ta nuna kowa: "A goge wannan bashin?", "An biya", "An ajiye". Maɓallai kuwa aikatau tsirara ya ishe su: Ajiye, Goge, Aika. Na daɗe tsakanin "Soke" da "Fasa", na zaɓi "Fasa", don Kawu ya ɗauka "Soke" bashin zai soke.

Haruffa masu ƙugiya sun fito daidai a wayoyi ukun da na gwada, har da ƴ da muke rubutawa nan Nijar inda ƴan Najeriya suka fi sa 'y.

Saura kuɗi. Allon na nuna 500 F, Kawu na karantawa ya juya shi a kansa zuwa dala ɗari, 5000 F kuma jikka biyar. Ya ce in nuna masa dala a ƙasan kowane adadi, wato in raba da biyar. Yaron shago ya ce hakan ruɗa shi zai yi wajen rasit. Mako mai zuwa zan sa maɓallin da kowa zai zaɓi nasa, sai dai har yanzu ban sami sunan da zan rubuta a kansa ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan a cikinku ya faɗa mini abin da ya sa.