Kalabrita, dare na farko

Da safe komai lafiya lau. Mun hau ƙaramin jirgin ƙasan nan daga Diyakofto, bakin teku a ƙasar Girka, kilomita 22 zuwa garin Kalabrita. Tun 1896 yake hawa dutsen nan. Inda hawan ya yi tsanani akwai ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layin da yake kamawa. Kwazazzabon Buraikos a ƙarƙashinmu, Auta ta manne da taga tana ta salati. Abba kuwa muna sauka ya cika aljihunsa da dusar ƙanƙara.

A dandalin gari Auta ta ja mini hijabi. "Umma, agogon cocin nan ya mutu."

Yana kan ƙarfe 2:34, kuma da gangan aka bar shi haka don tunawa da kisan da aka yi a garin. Ranar 13 ga Disamba 1943 sojojin Jamus suka tara mutanen garin a makarantar firamare, suka ware maza har da samari, suka kai su wani tudu a bayan gari suka harbe su, ɗaruruwa. Mata da yara aka kulle su a makarantar, aka cinna wa gari wuta, Allah ya yi da sauran kwanansu suka ɓalle suka fita. Makarantar ce yanzu gidan tarihi.

Na ce mu shiga.

Maigida ya ce, "Haba Maman Abba, hutu muka zo ko ta'aziyya? Yaran nan dutsen Helmos aka yi musu alkawari."

"Alhaji, rabin awa kawai."

"Na san halinki. Kina shiga, yinin ya tafi ke nan."

Suka wuce wajen sulun ƙanƙara, na shiga ni kaɗai. Akwai ɗakin da aka jera hotunan waɗanda aka kashe, wasu sa'o'in Abba ne, gashin baki bai ma fito musu ba. Matan ne suka kwaso gawarwakin mazajensu da 'ya'yansu, suka tona ƙasar da sanyi ya daskarar, ga gidajensu sun zama toka. Na daɗe a tsaye a wurin.

Ban ce Alhaji ya yi laifi ba. Ya tara kuɗin tafiyar nan da wahala, kuma dariyar yaransa yake son ji. Amma mu ci abincin mutane, mu yi wasa a dutsensu, mu wuce ƙofar nan ko leƙawa babu, a wurina kamar shiga gida ne ba sallama. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun la'asar.

Sun dawo kumatu jajur, Auta ta yar da safar hannu ɗaya. Abincin dare miyar wake da burodi da cukun garin. Da daɗi, amma kaɗan na ci.

Gobe gidan ibadar Agiya Labra, inda Girkawa ke danganta farkon boren da suka yi wa mulkin Turkawa a 1821. Na tambayi Abba ko zai raka ni makarantar kafin mu tafi. Ya kalli babansa tukuna, sannan ya ce zai yi tunani.